Atamfar Jabu da Manhajar Sata: Maƙera Ta Riga Ta Ga Ƙarshen Wannan Hanya

Ranar wata Asabar na zauna a wani ɗan shago da ke bakin titin Kachia, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katin caji, ina jiran a buga mini takardu. Janareta na ruri a waje, fanka na juya iska mai zafi a ciki. Sai ga wani dattijo da kwamfutar tafi-da-gidanka a cikin leda, ya ce ta 'yarsa ce, jibi za ta koma makaranta, ga shi ta ƙi tashi. Yaron shagon, wanda bai wuce shekara ashirin da biyu ba, ya buɗe ta, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Baba, fomatin za a yi mata. Sai a sa Windows, a sa Office, in tana zane a ƙara mata CorelDRAW." Dattijon ya ce, "To samari, nawa ke nan?" Ya ce, "Kawo dubu uku, Baba." Ya zaro filash daga aljihun gaban rigarsa ya soka. Da aiki ya yi nisa sai na ji yana ce wa abokinsa, "Kashe mai gadin nan tukuna, in ba haka ba zai cinye kirak ɗin." Mai gadin da yake nufi shi ne manhajar da ke tsare kwamfuta daga bairos, kirak kuwa dabarar fasa makullin manhaja ce don ta yi aiki ba a biya ba. Kafin a gama haɗa mini takarduna dattijon ya karɓi kayansa, ya sa albarka, ya tafi yana murna.

Babu wanda ya ji a ransa an yi laifi a shagon nan. Yaro ya yi sana'arsa, dattijo buƙatarsa ta biya. Ni ma da nake zaune, na shekara da shekaru ina rubutu da irin wannan manhajar ban taɓa tambayar daga ina ta fito ba. Amma abin da aka zuba wa kwamfutar nan a kan naira dubu uku, in da ta hanyar da masu shi suka yarda za a saye shi, kuɗinsa ya kai albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara guda. Ƙungiyar manyan kamfanonin manhaja ta duniya, BSA, ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutocin Nijeriya ba su da lasisi, alhali a duniya baki ɗaya kashi 37 ne. Ƙungiyar tana da nata muradi a cikin lissafin, wannan gaskiya ne. Sai dai duk wanda ya zaga shagunan buga takardu daga Kakuri zuwa Barnawa ba zai ce ta yi ƙari ba.

A wani garin ana iya zama a yi ta musu a kan ko kwafar abin da wani ya ƙirƙira tana cutar da kowa. A Maƙera musun nan ba shi da wuri, domin mun ga ƙarshensa da idonmu.

Sunan unguwar nan kansa na masu ƙira ne, kuma ta ci sunanta. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a nan kudancin kogin Kaduna. UNTL ta biyo baya a 1964, Arewa Textiles a 1965, ga kuma su Nortex da Finetex. Wanda ya tashi a nan a shekarun 1980 ya san ƙarar jiniyar canjin aiki, ya san yadda kekuna ke cika titi kamar an ɓalle ruwa, da matan da ke jere da tukwanen shinkafa da wake a bakin ƙofar masaƙa. Ƙarshen wata kuwa kasuwar Kakuri ba ta shiguwa. Kawuna a sashen zane yake aiki a ɗaya daga cikin masaƙun. Ni ina yaro, zatona atamfa da furanninta take fitowa daga inji, sai da ya kai ni na ga teburinsa. Zane ɗaya yakan ci masa makonni: ya zana, a ƙi, ya sake, a raba launi ɗaya bayan ɗaya, kowane launi da nasa ƙarfen bugu, a buga gwaji a kai wa 'yan kasuwa su duba ko mata za su so. Cikin zane goma wataƙila biyu ne za su karɓu, kuma biyun nan su ne za su biya asarar takwas ɗin.

Wata rana da yamma, a farkon shekarun 2000, ya dawo gida da turmi biyu na atamfa, ya shimfiɗa su a kan tabarma gefe da gefe, ya kira mu. Ganye ɗaya, tsuntsu ɗaya, launi ɗaya. A bakin zanen lambar ɗaya ce, sunan kamfanin ma ga shi nan, har da rubutun cewa a Nijeriya aka yi. Sai ya juya su. Bayan ɗayan ya kama rini kamar gabansa, ɗayan kuwa fari-fari, rinin a sama kawai ya tsaya. Na biyun a kasuwa ya saye shi, kuɗinsa bai kai rabin na masaƙa ba. Ya daɗe yana shafa ganyen da ɗan yatsa, sannan ya ce, "Wannan ganyen ni na zana shi. Sau huɗu ina gogewa." Bai ƙara cewa komai ba, ya naɗe su.

Hanyar da kayan ke bi ba ɓoyayya ba ce. A ɗauki turmi ɗaya na zanen da ya karɓu a kai Sin, a buga dubbai, a sauke a Kwatano ko Lome, a hau da su Nijar, su tsallako ta iyakar Maraɗi da Katsina a shekarun da gwamnati ke cewa ta haramta shigo da atamfa, su zube a Kantin Kwari. Mai jabu ba ya biyan mai zane, ba ya ɗaukar asarar zane takwas ɗin da suka faɗi. Yana jira ne kasuwa ta zaɓa, shi kuma ya girbe. Ba zan ce wannan kaɗai ya kashe masaƙunmu ba. Akwai rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da injunan da suka tsufa ba a sauya ba, da lalacewar noman auduga, da shugabancin da ya gaza. Amma ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, wadda a cikinta Adams Oshiomhole ya yi suna, ta shekara tana kuka da fasa-ƙwauri da jabu, kuma kukanta yana kan hanya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, Arewa ta bi ta, UNTL ta tsaya a 2007. Ko da aka sake buɗe ta a 2010 ba ta koma yadda take ba. Dubban magidanta suka koma acaba da gadi, wasu suka rasu suna jiran haƙƙoƙinsu.

Ga abin da ya fi yi mini ciwo: wa ya sayi jabun? Mu ne. Har matan ma'aikatan da aka sallama ita suka ɗinka da Sallah da Kirsimeti, domin ita aljihu ya iya. Kuma hujjar da aka bayar a lokacin ita ce wadda ake bayarwa yau a shagon kwamfuta: "Ina muka ga kuɗin orijina?"

Manhaja ma zane ce, sai dai ba a ɗaura ta. Wani ne ya zauna ya rubuta, ya goge, ya sake. Bambancinta da atamfa shi ne ita kwafarta ba ta buƙatar jirgin ruwa ko kwastan. Filash ya isa, kuma kwafin ba ya kodewa.

Ya kamata a fahimci me ake nufi da lasisi, domin da yawa daga masu kwamfuta ba su san abin da suka saya ba ko da sun biya. Idan ka sayi fartanya a wajen maƙeri, ta zama taka: ka ara wa maƙwabci, ka sayar, ka kai a sake mata ƙota. Manhajar kamfani ba haka take ba. Izini kake saye na yin aiki da ita bisa sharuɗɗa: a kan na'ura kaza, na tsawon lokaci kaza, ba ka rabawa, ba ka buɗe cikinta. Dogon rubutun nan da ke fitowa wanda kowa ke danna "na amince" ba tare da ya karanta ba, shi ne yarjejeniyar. A da sau ɗaya ake biya a huta. Daga 2013 Adobe ya mayar da manhajojinsa na biyan wata-wata, Autodesk mai AutoCAD ya bi sahu a 2016, Microsoft ma can yake tura mutane. Wato daga saye an koma haya, ranar da ka kasa biya a kulle maka shago da kayanka a ciki. Kuma hayar da dala ake biya. A Yunin 2023 da aka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a 2024, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a tarayya, 72,000 a jihar Kaduna. Kafin wannan ma, daga 2022 bankuna sun tsuke ko sun rufe biyan kuɗi zuwa waje da katin naira na tsawon lokaci, ta yadda mai niyyar biya ma ya rasa ƙofa. Saboda haka idan yaron shago ya ce ba shi da yadda zai yi, maganarsa tana da nauyi, kuma ban raina ta ba.

Ba kuma zan yi kamar dokar haƙƙin mallaka daga sama ta sauko ba. Mutane suka rubuta ta, kuma masu ƙarfi suka fi sa hannu. Amurka ba ta kare littattafan marubutan wasu ƙasashe ba sai 1891. Charles Dickens ya je can a 1842 yana ƙorafin ana buga littattafansa ba a ba shi ko sisi. Ita kanta atamfar da muke taƙama da ita, kamfanonin Holan ne suka kwaikwayo ta a ƙarni na 19 daga rinin batik na mutanen tsibirin Java, suka kawo ta Afirka ta Yamma. A 1998 kamfanonin magani 39 sun kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu a kan dokar da za ta sauƙaƙa samun magunguna masu rahusa, ciki har da na ƙanjamau, sai da duniya ta yi musu caa suka janye a 2001. Inda rai ke kan layi, doka ta san ta rusuna. Ƙasashen da suka hau da kwafi yanzu su ne ke yi mana wa'azi, kuma muna da damar mu faɗa musu haka a teburin ciniki.

To amma kada wannan ya ruɗe mu mu ɗauka kirak ramuwar gayya ce a kan manyan kamfanoni. A 1998 Bill Gates ya faɗa a gaban ɗaliban jami'a, yana magana a kan ƙasar Sin, cewa in dai satar za a yi, gara a saci tasu, mutane su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Haka kuwa aka yi da mu. Duba takardar shaidar kowace makarantar koyon kwamfuta a Kaduna: Word, Excel, CorelDRAW. Duba tallan neman ma'aikata, su ne dai. Shekara talatin muna horar wa kamfanonin nan kwastomomi kyauta, da kuɗinmu da janaretanmu, har muka kai ba mu iya tunanin rubuta wasiƙa da wani abu daban ba. Banki da kamfanin mai da kamfanin sadarwa dole su biya, kuma suna biya da dala, domin ma'aikatan da suka ɗauka abin da suka iya ke nan. Kamfanin da ke Amurka bai yi asarar dattijon nan ba, da ma ba zai taɓa saye ba.

Wanda ya yi asara yana nan cikin unguwa. Akwai wani yaro da na sani tun yana wasan ƙwallo a layinmu, ya karanta ilimin kwamfuta, ya yi wata shida yana rubuta manhajar haɗa sakamakon jarrabawa: malami ya shigar da maki, ita ta tara, ta fitar da na ɗaya da na ƙarshe, ta buga katin kowane ɗalibi. Aikin da kan cinye wa malamai mako biyu ya koma na yini ɗaya. Ya kai wata makarantar kuɗi, ya faɗi farashi. Abin da mai makarantar ya fara ce masa shi ne, "Haba ɗana, Windows gaba ɗayanta dubu uku ake sa mana, taka 'yar wannan ce za ka ce dubu hamsin?" Aka daidaita a ƙasa da rabi. Kafin zango biyu ya ga manhajarsa a wasu makarantu har huɗu, an goge sunansa daga shafin farko. Da ya koma ya yi magana, aka ce masa, "Ai ba mu rage maka komai ba, taka tana nan a hannunka." Yanzu sana'ar POS yake yi a ƙarƙashin lema.

"Taka tana nan." Mai fasa-ƙwauri ma zai iya ce wa Kawu haka, domin zanensa na asali yana nan cikin durowa babu wanda ya taɓa. Abin da aka ɗauke shi ne kasuwar, da dalilin sake zama a zana wani. Kuma ku lura da hujjar mai makarantar, domin a nan ɓarnar kirak take: ta koya mana cewa farashin manhaja shi ne ladan mai sakawa. Idan aikin dubban injiniyoyi dubu uku ne, aikin yaro ɗaya nawa zai zama? Microsoft na da kasuwar duniya da zai jingina da ita. Yaronmu makarantun Kaduna ta Kudu kaɗai gare shi.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. 'Yan fim ɗin Hausa sun ɗanɗana. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990, ta cika Ƙofar Wambai da kaset da faifai, ta wayi gari masu tura fina-finai a waya sun zauna a kowace kwana da kwamfuta, suna zuba wa mutum fim a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Kasuwar faifai ta mutu, furodusoshi suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, inda wani ne ke yanke abin da za a ba su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma gaskiya ɗaya ce a faɗe ta duka: ba ɓoyayyen abu ba ne cewa an daɗe ana ɗauko labari da karin waƙa daga fina-finan Indiya ba tare da izini ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan aron, kuma ba kowane ɗakin tace fim ne zai iya nuna lasisin manhajar da yake aiki da ita ba. Mai neman a kare masa haƙƙi sai ya fara duba na wa ke hannunsa. Marubutanmu mata da ke sayar da littattafai ta WhatsApp a kan 'yan ɗaruruwan naira su ma haka: yau ta saki babi ga waɗanda suka biya, gobe yana yawo a zaure hamsin. Shi ya sa za ka ga kan kowane babi da roƙo, wani lokaci da Allah ya isa. Wannan Allah ya isa ɗin ita ce kaɗai kotun da suke da ita.

Akwai masu kawo hujjar addini, su ce ilimi ba a sayar da shi, ɓoye shi ma laifi ne. Na ɗauki maganar da muhimmanci domin tana da tushe a tarihinmu. Littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello da waƙoƙin Nana Asma'u da hannu aka yi ta kwafarsu daga zaure zuwa zaure, babu wanda ya aika wa mawallafi ko wuri ɗaya. Amma a duba da kyau. Mai kwafa ana biyansa ladan hannunsa da tawadarsa. Sunan mawallafi ba a goge shi. Mai kwafa yakan rubuta shi da girmamawa, ya sa nasa a ƙarshe yana neman addu'a. Mai karantar da littafi yakan nemi ijaza daga malaminsa, wato izini, wanda shi ne ainihin ma'anar lasisi. Uwa uba, su mawallafan da kansu suka so a yaɗa, sadaka suka yi. Rijiyar wakafi kowa na ɗiba, amma wannan bai halatta tsallaka katangar wani a ɗebi ta gidansa ba. Kyauta mai abu ne ke yin ta. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwaiti a Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta ta.

Abin farin ciki shi ne rijiyoyin wakafin suna nan a duniyar kwamfuta, mu ne ba mu ɗiba. A 1983 Richard Stallman ya fara yunƙurin manhaja mai 'yanci, a 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa ya yi kama da na wakafi: ka yi aiki da ita, ka kwafa, ka gyara, ka raba, amma in ka raba kada ka toshe wa na bayanka ƙofar da aka buɗe maka. A 1991 wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux, wanda a kansa Android ɗin da ke aljihunka ke tsaye. Ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu a 2004. LibreOffice, tun 2010, yana yin rubutu da lissafi da gabatarwa. Inkscape da GIMP da Scribus na zane da shirya shafi, Blender na zane mai motsi. Mu masu rubutun Hausa har haruffa aka yi mana wakafi: Charis da Andika na cibiyar SIL suna ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ cikakku. Duk waɗannan, ka kwafa a filash ka raba wa unguwa, halal ne.

Na koma LibreOffice shekaru kaɗan da suka wuce, da shi na rubuta wannan maƙala. Ba zan ɓoye wahalar ba: na yi mako biyu ina laluben inda abubuwa suke, wani lokaci takarda kan ɗan goce in an buɗe ta a Word, kuma masu buga kalanda da katin biki har yanzu fayil ɗin CorelDRAW suke tambaya. Mai aikin da dole sai da manhajar kamfani, kamar injiniyan gini, ya sa kuɗinta cikin kuɗin aikinsa kamar yadda yake sa na siminti. Ɗalibi kuma ya sani cewa Autodesk na ba ɗalibai lasisin karatu kyauta. Amma takardar neman aiki, da lissafin shago, da aikin makarantar 'yar dattijon nan, babu wanda ya fi ƙarfin manhajar kyauta. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da ɗora makarantun gwamnatinta a kan Linux. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux. Su ba talauci ya kai su ba. Ba sa son makullin ofisoshinsu ya zauna a aljihun wani kamfani na ƙetare. Kayan aro ba ya rufe katara.

Bari in koma kan kwamfutar dattijon, domin akwai abin da yaron shagon bai sani ba. Tun daga Windows 8 a 2012, yawancin kwamfutocin da manyan kamfanoni ke ƙerawa suna zuwa da lambar lasisi a dashe cikin allon na'urar. Da yawa daga na gwanjon da ake kawo mana suna ɗauke da ita. In aka sa irin Windows ɗin da ta zo da shi, da kanta take kunnuwa. Wato sau da yawa ana zuba na sata a kan na halal saboda ba a koya wa yaran ba. Kuma don kirak ya zauna sai an kashe mai gadi, an buɗe ƙofa ga abin da wani baƙo ya ɗora a intanet, wanda ba don Allah ya ɗora ba. Ta nan ake shigo da manhajojin satar kalmar sirri, da masu garkuwa da fayiloli su nemi kuɗin fansa. A irin waɗannan kwamfutocin ne muke miƙa lambar NIN da BVN, a cike wa 'ya'yanmu fom ɗin JAMB. Ga kuma wata matsalar: Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Linux yana tafiya a kansu lafiya lau.

Doka kam akwai ta. Ranar 17 ga Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka da ta maye gurbin wadda ta samo asali daga 1988. Tana lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu, ta haramta fasa makullin da mai abu ya sa, ta ba da damar a nemi a sauke kayan sata daga intanet, ta sa tarar da ba ta gaza naira 10,000 ba a kan kowane kwafi ko ɗauri. Tsorona shi ne inda za a fara. Mun saba ganin doka ta tsallake mai babbar riga ta sauka a kan mai shago. Idan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta kwashe yaran titin Kachia, ta ƙara marasa aiki ne kawai, gobe wasu za su zauna a kujerunsu. A fara daga sama. Duk kwangilar sayen kwamfuta ta ma'aikata ko makaranta, a tilasta wa ɗan kwangila ya nuna takardar lasisi, a ga ko kuɗin da aka ware ya je inda aka ce. Zanen atamfa kuwa har yau dokar 1970 ke kula da shi, tambarin kasuwanci ta 1965, ofishin rajistar kuma a Abuja yake; majalisa ta ji wannan.

Sakatariyar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu a nan Maƙera take, kuma babu abin da zai hana ta zama ta farko da za ta ƙirga kwamfutocinta, ta biya wanda dole ne, ta mayar da sauran kan manhajar kyauta, ta ɗauki yaran unguwa su kula da su da naira. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna da cibiyoyi irin su CoLab da ke Barnawa suna da masu iya horar da yaran shaguna cikin 'yan makonni. Yaron da ya iya sa kirak ya iya sa Ubuntu, kuma ladansa na dubu uku yana nan ba a rage ba.

Kai kuma Malam mai makaranta, da Alhaji mai kantin magani, da Hajiya mai shagon ɗinki: idan manhajar da kuke lissafi da ita wani yaron unguwa ne ya rubuta, kuma a filash ta iso muku ba daga hannunsa ba, ku neme shi kafin ƙarshen watan nan, ku biya shi, ku mayar da sunansa inda aka goge.